Daga Kwarmin Gwaji Zuwa Teburin Shawara: Sana'ar Binciken Makamashin Igiyar Ruwa a Sikotilan, 1973–2024

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun sana'ar masu binciken makamashin igiyar ruwan teku da masu ba da shawara a kansa. Ta ɗauki Sikotilan a matsayin fagen nazari, daga rikicin man fetur na 1973 zuwa rasuwar Farfesa Stephen Salter a 2024. An duba yanayin ita kanta igiyar, da ayyukan Salter da almajiransa, da yadda gwamnatin Birtaniya ta janye hannu a 1982, da durƙushewar kamfanoni a 2014 da 2015. Matsayar maƙalar ita ce, a wannan fage na'urori da kamfanoni suna mutuwa, amma gwanintar mutane da amanar alƙalumansu suna ɗorewa, don haka su ne jarin da ya kamata mai shiga sana'ar ya tara.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku ya ga raƙuman ruwa na dukan duwatsu dare da rana ba fashi, da wuya tunanin kama wannan ƙarfi bai ɗarsu a ransa ba. Tunanin tsoho ne. Tun a 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da igiyar ruwa a birnin Faris. A Japan kuma, Yoshio Masuda, tsohon hafsan sojan ruwa, ya ƙera fitilun jagorar jiragen ruwa masu samun wuta daga motsin igiya, aka fara amfani da su a 1965. Duk da wannan dogon tarihi, har yau wutar da igiyar ruwa ke bai wa duniya ba ta taka kara ta karya ba idan aka ajiye ta kusa da ta iska ko ta hasken rana.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: mutum zai iya gina rayuwar aiki ta shekara talatin ko arba'in a fagen da bai riga ya zama kasuwa ba? In zai iya, me zai riƙe? An zaɓi Sikotilan saboda a can ne aka sami sarƙa guda wadda ba ta yanke ba, daga malami zuwa almajiri, daga ɗakin gwaji zuwa kamfani, daga kamfani zuwa ofishin ba da shawara.

2.0 Abin da Mai Bincike ke Kokawa da Shi

Rana ce ke ɗumama iska, iska ta hura a kan teku ta tayar da igiya, igiya kuma ta ɗauki wannan ƙarfi ta yi tafiyar dubban kilomitoci ba tare da ta zubar da wani abin kirki ba. Ana auna ƙarfinta da kilowat a kan kowace mita ta faɗin gabanta. Lissafin da kowane ɗalibin fagen ke haddacewa mai sauƙi ne: a ninka tsayin igiya da kansa, a ninka da daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata, sannan a raba biyu. Igiya mai tsayin mita 3 da tazarar daƙiƙa 8 tana ɗauke da kimanin kilowat 36 a kowace mita. A yammacin Sikotilan da Ailan, matsakaicin shekara yakan kama daga kilowat 40 zuwa 70.

To, ga inda gizo ke saƙar. A sa tsayin mita 15 da tazarar daƙiƙa 15 a cikin wannan lissafi, wato ranar guguwar hunturu a Tekun Atlantika, sai amsa ta tashi kusan kilowat 1,700 a kowace mita. Na'urar da aka ƙera don cin abinci da igiyar yau da kullum dole ta jure duka mai ƙarfin ninki arba'in da ɗoriya. Kuɗin shigarta na zuwa ne daga matsakaiciyar igiya, kuɗin gininta kuwa guguwa ce ke yanke shi. Ga gishiri mai cin ƙarfe, ga halittun ruwa masu manne wa jiki, ga tsadar hayar jirgin gyara. Ita kuma igiya tana zuwa ne a hankali, ta kai ta komo, alhali janareta na son juyi mai sauri ta fuska ɗaya.

Teku ta sha nuna wa injiniyoyi iyakarsu. Na'urar da aka kafa a Toftestallen ta ƙasar Norwe a 1985, guguwa ta tumɓuke ta a 1988. Wata mai suna OSPREY ta lalace a gabar Dounreay ta arewacin Sikotilan a 1995, tun ba a gama girka ta ba. Wannan ne ya sa darasin farko a sana'ar shi ne na'ura ta tsira tukuna, maganar wuta ta biyo baya.

3.0 Salter da Agwagwarsa

An haifi Stephen Salter a Johannasbag ta Afirka ta Kudu a 1938. Bai fara da jami'a ba. Ya fara ne da koyon aikin hannu a masana'antar jiragen sama ta Saunders-Roe da ke Tsibirin Wight a Ingila, inda ya goge a aikin haɗa ƙarafa da ƙera kayan aiki. Daga baya ya karanta kimiyyar fiziya a Kambirij, sannan ya koma Jami'ar Edinbara a 1967 yana ƙera mutum-mutumi mai sarrafa kansa. Wannan jeri yana da muhimmanci ga maƙalarmu: hannunsa ya san ƙarfe kafin kansa ya cika da lissafi.

A 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, yana kwance da mura mai zafi matarsa ta zuga shi ya tashi ya nemo wa matsalar makamashi mafita. Ya shiga ɗakin gwaji da guntayen katako marar nauyi da wani siririn kwarmin ruwa, yana sauya siffa yana aunawa. Siffar da ya tsaya a kanta mai tsinin gaba ce da zagayayyen baya. Idan igiya ta taso sai gaban ya ɗaga ya sunkuya kamar agwagwa mai tsoma baki a tafki, bayan kuma, saboda zagaye yake, ba ya tura ruwa. Mai kallo ta gefen gilashin kwarmin zai ga igiya na shigowa ta gaba da ƙarfinta, ta bayan na'urar kuwa ruwa ya kwanta luf kamar a kwano. A irin wannan gwaji Agwagwa, kamar yadda aka sa wa na'urar suna, takan kama kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiya. Salter ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1974, kuma daga wannan takarda mutane da yawa ke ƙirga farkon binciken zamani a fagen.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, don ya gwada Agwagwa yadda ya kamata sai da ya ƙirƙiro kayan gwajin kansu. A 1977 ƙungiyarsa ta gina faffaɗan kwarmi mai jerin faifai masu tura ruwa, waɗanda ke iya tayar da igiya daga fuskoki da dama kamar ta teku, suna kuma shanye wadda ta dawo don kada ta gurɓata awo. Amfanin kwarmi yana cikin ƙa'idar ƙanƙantawa. Idan samfuri ya kasance kashi ɗaya cikin ɗari na girman ainihi, lokaci yakan gudu ninki goma, wat ɗaya kuma a kwarmi yana wakiltar wat miliyan goma a teku. Ke nan kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a ɗakin gwaji zai iya zama dutse a takardar kasafi.

A daidai wannan zamani wasu ma na aiki. A Trondheim ta Norwe, Kjell Budal da Johannes Falnes sun shimfiɗa lissafin yadda ƙaramar na'ura za ta kama ƙarfin da ya fi faɗin jikinta idan aka daidaita motsinta da na igiya. A Jami'ar Queen's ta Belfas, Alan Wells ya ƙirƙiro farfelar da ke juyawa fuska ɗaya ko ta ina iska ta biyo.

4.0 Shekarar 1982: Alƙalami Ya Rinjayi Sifana

Gwamnatin Birtaniya ta buɗe shirin makamashin igiya a tsakiyar shekarun 1970, ta ɗora wa ƙungiyoyin bincike nauyin tsara tasha mai ƙarfin megawat 2,000. Wannan buri ya yi wa jaririyar fasaha nauyi, tamkar a ce wa mai rarrafe ya shiga tseren gudu. Ofishin da ke kula da shirin kuma yana zaune ne a Harwell, a harabar hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar, wadda ke da nata abin da take son a zuba wa kuɗi.

A 1982 kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan binciken makamashi ya zauna a asirce, ya yanke cewa wutar igiya za ta yi tsadar da ba za a iya ɗauka ba. Aka datse kuɗin shirin. Salter bai yarda ba. Ya shafe shekaru yana jayayya cewa an kumbura ƙiyasin kuɗin Agwagwa, an kuma zuzuta yawan lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku fiye da abin da gogewar masu shimfiɗa su ta nuna. Maganar ta kai gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya a 1988, kuma bitar da aka sake yi a shekarun 1990 ta sauko da ƙiyasin ƙasa sosai. Amma a lokacin ƙungiyoyi sun watse, matasan injiniyoyi sun kama wasu ayyuka.

Ba lallai ne a yarda da duk abin da Salter ya faɗa ba. Ba a taɓa gina Agwagwa mai cikakken girma a teku ba, kuma tsarinta na da sarƙaƙiyar da za ta iya ba da wahala. Darasin da ya shafe mu shi ne ƙarfin da ke hannun mai ƙiyasi. Bari mu gani da misali. Idan aka ranto kuɗin gina na'ura na shekara 20 a kan kuɗin ruwa kashi 8, za a riƙa biyan kimanin 10 a kowace 100 duk shekara. Idan aka ɗauka kashi 15 ne, biyan ya koma kusan 16. Ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin na'urar ba, amma farashin wutarta ya ƙaru da fiye da rabi. Haka kuma idan aka ce za ta ba da kashi 20 na cikakken ƙarfinta a shekara maimakon kashi 30, farashi ya sake hawa da rabi. Zato biyu ko uku irin waɗannan, a ɓoye a shafi na tamanin na rahoto, sun isa su binne aikin shekara goma. Sun kuma isa su ƙawata na'urar da ba ta da makoma har masu zuba jari su afka. Mashawarci na iya cutarwa ta kowane ɓangare.

5.0 Zuriya ta Biyu

Wutar ba ta mutu murus ba. A 2000 kamfanin Wavegen, tare da masu bincike na Belfas, ya kafa tashar LIMPET a tsibirin Islay, inda igiya ke tura iska a cikin ɗakin kankare ta juya farfelar Wells. A 2003 aka kafa Cibiyar Makamashin Teku ta Turai, wadda aka fi sani da EMEC, a garin Stromness na tsibiran Orkney, don masu ƙera na'urori su sami wurin gwaji a teku mai haɗe da layin wutar ƙasa.

Richard Yemm, wanda ya yi digirinsa na uku a Edinbara a da'irar Salter, ya kafa kamfani a 1998 ya ƙera Pelamis: jan macijin ƙarfe mai tsawon kimanin mita 120, mai gaɓoɓi da ke lanƙwashewa a kan igiya suna matsa mai zuwa janareta. Hikimarsa ita ce yana fuskantar igiya da kai, in ta yi girma sai ya ratsa ta ciki kamar mai ninƙaya, maimakon ya tare ta da ƙirji. A 2004 ya zama na'urar igiya ta farko a nesa da gaba da ta tura wuta zuwa layin ƙasa. A watan Satumba na 2008 aka buɗe gonar na'urori uku, kowace mai kilowat 750, a Aguçadoura ta ƙasar Fotugal. Cikin 'yan watanni aka janyo su zuwa tashar jiragen ruwa saboda matsalar inji, rikicin kuɗi na duniya kuma ya durƙusar da babban mai jarin aikin, ba su koma ba. A watan Nuwamba na 2014 kamfanin Pelamis ya karye. A 2015 Aquamarine Power, mai na'urar Oyster, ya bi sahu. Kyautar Saltire ta fam miliyan 10 da gwamnatin Sikotilan ta sanya a 2008 kuwa ba wanda ya ci.

Idan aka tsaya nan, labarin asara ne. Sai dai a bi mutanen a ga inda suka shiga. Kamfanin Edinburgh Designs, wanda ya tsiro daga ƙungiyar Salter, yana ƙera injinan tayar da igiya ga ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama. Kwarmin FloWave na Jami'ar Edinbara, da aka buɗe a 2014, zagayayye ne mai faɗin mita 25 da faifan tura ruwa 168, kuma jikan wancan kwarmi na 1977 ne. Famfon mai da aka fara tunaninsa don Agwagwa ya haifi kamfanin Artemis Intelligent Power, wanda Win Rampen da Salter suka kafa a 1994, Mitsubishi ya saye shi a 2010, daga baya fasahar ta koma hannun Danfoss. Wasu injiniyoyin Pelamis sun haɗu sun buɗe kamfanin ba da shawara mai suna Quoceant. Gwamnatin Sikotilan kuma ta kafa Wave Energy Scotland a ƙarshen 2014, ta karɓi bayanan fasahar Pelamis, ta sauya salon ba da kuɗi zuwa mataki-mataki: ba mai haurawa gaba sai ya cika ma'aunin da aka gindaya. Kura ta ci na'urori, amma ba ta ci ilimin ba.

6.0 Aikin Mashawarci a Yau

Mashawarci a wannan fage yana cin abinci ne ta ƙofofi huɗu. Ta farko ita ce auna albarkatu: ya tattara bayanan shekaru daga na'urorin awo masu shawagi da tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta, ya faɗi irin igiyar da wani wuri ke samu wata-wata, da mafi munin da za a iya gani a shekara hamsin ko ɗari. Ta biyu ita ce tantance fasaha ga mai zuba jari ko gwamnati. Ta uku, nazarin muhalli da neman izini, wanda ya haɗa da zama da masunta da masu jiragen ruwa. Kamfanin Aquatera na Stromness ya daɗe a wannan layi. Ta huɗu, tsara ayyukan teku: ɗaure na'ura, shimfiɗa waya, da lissafin kwanakin da yanayi zai bari jirgi ya fita.

Akwai kuma ma'auni na bai-ɗaya da babu su a zamanin Agwagwa. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta kafa kwamitinta na 114 a 2007 don makamashin teku, ana kuma fitar da ƙa'idoji masu lamba 62600 kan yadda za a auna albarkatu da ƙwazon na'ura. Amfaninsu shi ne kowa ya auna da mudu ɗaya.

Fagen bai tsaya ba. Tashar Mutriku da ke yankin Bask na Sifaniya, mai farfela 16 da ƙarfin kilowat 296 a jikin katangar tashar jiragen ruwa, tana aiki tun 2011. Kamfanin CorPower Ocean na Suwidin ya kafa na'urarsa ta C4 a Aguçadoura a 2023, a gabar da Pelamis ya bari, yana amfani da dabarar daidaita motsi wadda tushenta ke Trondheim. A nahiyarmu ma an gwada na'urorin kamfanin Seabased a gabar Ada ta ƙasar Gana. Duk ƙasar Afirka da aka kawo wa irin wannan tayi tana bukatar ɗanta da zai iya buɗe rahoton ya tambayi mai tayin: ina ka auna, tsawon wane lokaci, kuma wa ya tabbatar?

7.0 Abin da Mai Shiga Sana'ar Zai Riƙe

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo abubuwa huɗu. Na farko, ya ƙware a tushe: lissafin motsin ruwa, ƙarfin kayan gini, sarrafa inji da kwamfuta, da ƙididdiga. Waɗannan ana nemansu a aikin injinan iska na teku, da gina tashoshin jiragen ruwa, da kare gaba daga zaizaya, don haka wanda ya riƙe su ba ya kwana da yunwa ranar da kamfani ya rufe.

Na biyu, ya jiƙa hannunsa. Wanda bai taɓa daidaita ma'aunin igiya a kwarmi ba, ko ya kwana uku a tashar jirgi yana jiran iska ta lafa, zai rubuta jadawalin da teku za ta yi wa dariya. Gani ya kori ji.

Na uku, kada ya auri na'ura ɗaya. Mai ƙirƙira yakan so abinsa kamar ɗa, kuma wannan so ne ke ba shi juriya, amma mashawarci ba a biyansa don ya so ko ya ƙi.

Na huɗu, ya bayyana zatonsa a fili: kuɗin ruwan da ya ɗauka, shekarun da ya ba na'ura, yawan lalacewar da ya ƙiyasta, da yadda amsa za ta sauya in ɗayansu ya motsa. Ya kuma faɗi wanda ya biya kuɗin rahoton. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa ya kamata mai karatu ya san ladan wa aka ci.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sana'ar binciken makamashin igiyar ruwa a Sikotilan ta ratsa hawa biyu da faɗuwa biyu cikin shekara hamsin, kuma a kowace faɗuwa abin da ya tsira shi ne kayan gwaji, da horarrun mutane, da bayanan da aka auna da gaskiya. Salter ya rasu a watan Fabrairu na 2024 yana da shekara 85, bai ga Agwagwarsa tana ba ko gida ɗaya wuta daga teku ba, amma jikokin kwarmin gwajinsa da famfonsa da almajiransa suna aiki. Kira ga jami'o'i shi ne su haɗa wa ɗaliban injiniyanci aikin hannu da lissafin kuɗi, kada su raba su. Kira ga matashin da ke sha'awar fagen kuma shi ne ya shiga da idonsa a buɗe: na'urar da zai fara da ita mai yiwuwa ba za ta kai shi ritaya ba, amma sunan da ya yi na mai faɗin gaskiyar alƙaluma zai kai shi.